Haƙorin Alaramma Dikko

Jiya na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa ɗan'uwansa wai aikin haƙori ba wani abu ba ne, ka yi allura, ka huda, ka cike, ka rubuta farasitamol, mutum ya kama gabansa. Ya yi tsammanin ban ji ba. Kunnena na hagu ne ƙarar inji ta cinye, na dama yana nan garau, kuma ta nan kuka zauna. Ban tanka ba saboda akwai mutum a kujera, amma maganar ta hana ni sakat, na yi ta kai da kawowa tsakanin ɗakin nan da bakin ƙofa har aka tashi. To tunda makaranta ta turo ku koyon aiki wurinmu na wata uku, ba zan bari ku koma da wannan tunani ba.

Sunana Rabe, kun sani. Mutanen gari suna ce mini likita, na gaji da gyara musu. Ni ba likita ba ne. Likitan shi ne Dakta Istifanus, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya zo Dutsin-Ma bautar ƙasa ya ƙi komawa, ya kama ɗakuna biyun nan a bayan kasuwa ya ajiye kujera ɗaya da ya sayo ta hannu. Ni kuwa shara na zo yi masa. Wata shida ban taɓa bakin kowa ba, aikina wanke ƙarafa da dafa su a tukunya. Madubin nan ƙarami, ƙugiyar da ake laluben rami da ita, hantsaki, awartakan cire haƙori kowane da irin bakinsa, sai na goge su da buroshi ɗaya bayan ɗaya kafin su shiga tukunya. Daga baya ne ya ga ina da hannu, ya tura ni makaranta na yo kwas na dawo.

Abin da ya fi wahalar da ni a farko shi ne ƙananan magagaran aikin jijiya. Kun gan su, kamar allurar ɗinki suke, kowane da launin kansa, daga siriri zuwa mai kauri. Dakta yakan sa in jera su bi da bi, in ƙirga kafin aiki, in ƙirga bayan aiki. Wata rana ɗaya ya ɓace. Ya rufe ƙofa, ya ce da mai haƙorin kada ya haɗiye ko yawu, muka durƙusa ni da shi muna laluben siminti da fitila. A cikin naɗin hannun rigata aka same shi. Bai zage ni ba, ya dai ce, "Rabe, in ba a ƙasa yake ba, a maƙogwaron mutum yake. Ka zaɓa." Tun ranar nake naɗe hannun riga har sama da gwiwar hannu.

Shi aikin jijiya ga yadda yake, ga wanda bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Haƙori yana da rami a ciki, cikin ramin akwai jijiya. Idan ruɓa ta kai gare ta ko ta mutu, maimakon a cire haƙorin sai Dakta ya huda shi, ya kwashe jijiyar da magagaran nan, ya wanke ramin, ya sa magani, ya rufe da ciko na wucin gadi. Bayan kwanaki mutum ya dawo a cike masa na dindindin. Wannan duka aikin Dakta ne, ni miƙo kaya nake da zuƙe ruwa. Nawa aikin yana farawa ne lokacin da mutum ya sauka daga kujera, leɓe a sandare, yana murna wai ba ya jin komai. Allurar za ta sake shi yana kan hanya ko yana tsakar gida, kuma a lokacin ba Dakta ba ni.

Saboda haka nake tsare mutum a bakin ƙofa in gaya masa gaskiya. Zai ji ciwo kwana biyu ko uku, irin na wurin da aka buge, musamman in ya tauna. Wannan ciwon kullum raguwa yake. Ya sha magani tun kafin allurar ta gama sakinsa, ya sha da abinci a ciki, ya sha a kan lokaci, kada ya jira sai ciwon ya taso. Ya kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. In kunci ya ɗan tasa, abu mai sanyi za a ɗora daga waje, ban da gashi da ruwan zafi. Ya tauna ta ɗaya gefen, ya manta da rake da ƙashi da goro mai tauri. Amma in ciwon ƙaruwa yake, ko fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko ya ji haƙorin ya fi 'yan'uwansa tsawo in ya haɗa baki, to ya dawo ko da tsakar rana ce ana zuba ruwa. Na faɗi wannan magana har ta zame mini kamar karatun allo.

Wata Hajiya mai sayar da wake daga Karofi ta taɓa dawo mini dafe da ciki, haƙori lafiya lau. Na ce ta zazzage jakarta. Kwalin magani uku, daga kemis uku, suna daban-daban, launi daban-daban, kuma duka abu ɗaya ne a ciki. Ta haɗa su da wanda muka ba ta tana sha da ruwan shayi ba ta ci komai ba, wai don ciwon ya ji tsoro. Na yi faɗa har na manta da girmanta, ta ce, "To likita, ai ba ni na yi karatun ba." Gaskiyarta. Su kuma ɗaliban jami'a, sai su karanta abu a waya su kira ka sau shida kafin la'asar, kowane ƙaiƙayi sun ce ƙwayar cuta ce. Suna ba ni haushi, amma ba sa ba ni tsoro. Mai ƙorafi kana sane da inda yake. Wanda ya kamata ku ji tsoro shi ne mai shiru, kuma a kansa na yi kuskuren da har yau in na tuna sai in miƙe tsaye.

A shekarar da abubuwa suka taɓarɓare ne. Hanyoyin ƙauye ba daɗi, mutane sun rage shigowa kasuwa, wuta sai ta yi sati ba a ga ƙyallinta ba, mai kuma ya yi tsadar da muke auna wa janareta da gorar ruwa. Kayan aikin da ake kawo mana daga Kano suka daina zuwa a kan lokaci. Cikin abin da ya ƙare mana har da 'yar takardar nan shuɗiya da ake sa wa mutum ya ciza, ta bar tabo a inda ciko ya yi tudu. Abu ne da ba ya kai komai, shi ya sa ba wanda ya damu.

Saura kamar sati biyu azumi wani dattijo ya shigo, ranar Litinin da hantsi. Alaramma Dikko, daga Birchi ta ƙasar Kurfi. Shi ne limamin masallacin unguwarsu, kuma shekara talatin shi ke jan baƙi a tafsirin azumi, yana karanto aya yayansa yana fassarawa. Doguwar fuska, farin rawani, magana a hankali. Haƙoran gaba na sama guda biyu, ɗaya ya daɗe da tafiya, saniya ce ta ture shi tun yana saurayi. Ɗayan da ya rage shi ne ya yi baƙi, yana masa zogi.

Dakta ya duba ya ce cirewa ta fi sauƙi da araha. Alaramma ya girgiza kai.

"Likita, in akwai wata dabara a yi mani ita. Da wannan guda nike karatu. Akwai haruffan da ba su hita sai halshe ya same shi. In ya tahi, iska za ta riƙa hita wurin, kuma littahin Allah ba a karanta shi da iska."

Dakta Kirista ne, amma ya daɗe a cikinmu, ya san abin da ake nufi da jan baƙi. Ya ce, "Malam, za mu gwada. Amma haƙorin ya yi rauni, in na huda shi zai zama kamar kara. Kada ka ciji komai da shi har sai na gama."

Aka yi aikin, ya yi kyau, ni shaida ne. Ana cikin sa ciko wayar Dakta ta yi ta ƙara a aljihu har ya ce in ɗauka. Ƙanwarsa ce, mahaifiyarsu ta rasu. Na gaya masa a kunne. Ya ƙarasa cikon, ya miƙo mini hannu don in ba shi takardar cizo, na ce babu. Ya ce, "Malam, haɗa bakinka. Ya zauna daidai?" Mutumin da rabin fuskarsa ke sandare da allura, me zai ji? Ya ce daidai ne. Na ruga na kashe janareta saboda mai.

Na tsare Alaramma a bakin ƙofa na yi masa karatuna duka, yana ɗaga kai. Na gaya masa rasuwar da aka yi wa Dakta, na karɓi lambarsa. Da yamma Dakta ya hau mota, abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne, "Ka bi mini Malamin nan."

Na bi shi, a ganina. Ranar Talata na kira.

"Allah gafarta Malam, Rabe ne na wurin haƙori. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Malam Rabe. Alhamdu lillahi. Ya haƙurin likita? Allah ya ba shi dangana."

Laraba na sake kira, da sauƙi. Alhamis da safe, da sauƙi ƙwarai, Allah ya yi albarka. Na lura maganar tana gajarta, na ce ai dattijo ne mai jama'a, ba ya son dogon zance a waya. Na rubuta a katinsa cewa yana samun sauƙi, har na ja layi a ƙasa.

Ku dubi wautata. Ni Bahaushe ne, a garin nan aka yanke mini cibiya. Na je duba marasa lafiya ba adadi, na ga wanda ake ɗiga wa ruwa da cokali, aka ce ya jiki ya ce da sauƙi, kafin mu kai ƙofar gida aka fasa kuka. Na sani sarai cewa a wurinmu ba a amsa gaisuwa da ƙorafi. Balle malami, wanda kullum shi ke gaya wa mutane cuta kankarar zunubi ce, a yi haƙuri. Balle kuma ya san likitan da ya yi masa aiki yana zaman makokin uwarsa, ya za a yi ya aika masa cewa aikinka bai yi ba? Duk na san wannan, amma da na shigo ɗakin nan na sa farar riga sai na ɗauki amsar kamar sakamakon awo.

Alhamis ɗin bayan azahar Iro ya kawo mana mai. Iro ɗan kabu-kabu ne, magidanci, mutumin Birchi, shi ke ɗauko mana galan in ya shigo gari. Yana juye man na ce masa, don dai a yi hira, "Alarammanku ya warke ko?"

Ya ce, "Wane? Ai mu mun rasa gane mashi. Azahar da la'asar shi ka shiga gaba. Amma magariba da lisha da asuba sai ya tura ɗan wanshi, Malam Bishir. Kwana ukku ke nan."

Na tsaya da mazurari a hannu. Sallolin da ake karatu a ɓoye yana ja, waɗanda ake ɗaga murya ya bar wa wani. Mutumin da ya yi shekara talatin muryarsa ce abincin unguwa.

Iro ya ƙara da cewa, "Na ma ga Sarkin Aska ya nuhi gidan da zabira tai ɗazu."

Na shiga ciki na zauna, na tashi, na buɗe katin na rufe. Na ce bari in sake kiransa, sai na tuna abin da zai ce. Hanyar ba ta da daɗi a shekarar, kowa yana so la'asar ta same shi a gida. Na kulle asibitin, na zuba madubi da safar hannu da fitila a leda, na ce da Iro ya juya babur.

A zaure na same su. Alaramma yana jingine da bango a kan buzu, ya ja rawani ya rufe baki. Gefensa kasko da ruwan zafi da tsumma a ciki, ɗakin duk warin kanumfari. Sarkin Aska, tsohon wanzamin garin, ya shimfiɗa zabirarsa yana goge awartaki. Na gaishe su. Alaramma ya ɗago hannu, ya ce ta cikin rawani, "Malam Rabe, ka wahal da kanka. Ai da sauƙi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni izini in gani."

Ya sauke rawanin. Leɓen sama ya kumbura ya turo hanci, fatar ta yi sheƙi saboda gashin da aka yi ta yi mata. Na ɗaga leɓen a hankali, dasashi ya yi fari fat, ya saluɓe, an daka ƙwayar magani an cusa a wurin ta ƙone shi. Jikinsa da zafi. Na ce ya haɗa baki, ya fara, haƙorin ƙasa na taɓa cikon ya zabura. Cikon ya yi tudu. Duk motsin baki, duk haɗiyar yawu, duk harafin da zai furta, sai an daki haƙorin da aka yi wa aiki. Kwana uku ke nan ana dukansa.

Sarkin Aska ya ce, "Ka gama gani? To matsa, ɗana. In na zare shi yanzu, kahin magariba ya yi kwana."

Na ce, "Baba, in ka zare shi wa zai ja baƙi?"

"Wanda Allah ya nuha. Kai dai dubi mutum. Kwana ukku bai sa komi a baki ba sai kunu. Ku kun huda abu kun toshe, kun tahi kun bar shi da shi. Ni wanga aiki tun kahin a haihe ka nike yi nai."

Ba ƙarya ya faɗa ba, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. Na juya wurin Alaramma na ce, "Malam, ka ba ni yau kaɗai. Mu tahi Dutsin-Ma yanzu. In gobe war haka bai sauka ba, ni da kaina zan zo in riƙe wa Baba fitila."

Ya dubi Sarkin Aska. Sannan ya ce, "Sarki, yi haƙuri. Bari mu ga abin yaron ga." Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, amma na karɓi sunan.

Muka sa shi a tsakiya a kan babur, ni a baya ina tare shi. Da muka iso na kira Dakta, ina jin waƙoƙin coci a bayansa. Na gaya masa abin da na gani. Ya tambaye ni ko ido ya fara rufewa, ko yana iya haɗiya, ko numfashi lafiya, na ce duk lafiya. Ya ce, "To ka ji. Ba aikinka ba ne, amma ba ni nan. Buɗe cikon, bar shi ya zubar, wanke da ruwan da ka ga ina wankewa. Kada ka sa magagari. In ya tsaya ka sa auduga da ciko kaɗan, ka rage tudun. Ka bar wayar a kunne."

Na aika Iro shagon masu buga takardu ya karɓo mini takardar kabon, na yanka 'yar ƙarama. Na tada janareta. Ina huda cikon mugunya ta biyo, mai wari, har sai da na sauya auduga sau da yawa. Na ga kafaɗun Alaramma suna sauka a hankali kamar an sauke masa buhu. Na wanke, na rufe, na sa masa kabon ya ciza, ga tabo nan baƙi ƙirin a kan cikon. Na goge shi da inji. Rage tudun nan bai ɗauke ni minti biyu ba. Kafin in gama wanke hannu dattijo ya yi barci a kujera, baki buɗe.

Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye muku ba, har da ɗan girman kai. Na lura haƙorin yana ɗan motsi, na ce kumburi ne, zai kama. Da ya farka na ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na ciwo yadda Dakta ya faɗa. Ban ce masa sau uku a rana ba, na ce bayan asuba in an karya, bayan azahar in an ci tuwo, bayan lisha kafin a kwanta. Na hana gashi, na hana kanumfari, na ce a tada masa kai da matashi biyu. Ya kwana gidan wani ɗalibinsa a cikin gari, washegari leɓe ya fara saɓewa, Iro ya mai da shi gida.

Daga ranar na sauya tambaya. Na kira shi ran Asabar, bayan gaisuwa na ce, "Malam, me aka ci da safe?" Ya ce fura. "Jiya an yi barci, ko an zauna?" Ya ce an ɗan yi. "Wa ya ja asuba?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai Malam Rabe, ashe bincike kake. Bishir ya ja." Har yau haka nake yi da kowa, kuma haka nake so ku yi. Ku gaisa tukuna, ku karɓi da sauƙinku ku ajiye gefe, hakkin gaisuwa ne. Sannan ku tambayi abin da mutum ba zai ji kunyar faɗa ba. Me ya ci, ta wane gefe ya tauna, ƙwaya nawa ta rage a kwali, ya fita gona ko bai fita ba. In mace ce ku tambaya wa ya yi girki. In kun ji amsar ba ta zauna ba, ku tashi ku je, labarin zuciya a tambayi fuska.

Dakta ya dawo saura kwana biyar azumi, ya rame, ko gida bai sauka ba ya ce a kira Malamin. Kumburi ya tafi, zazzaɓi ya tafi, ina tsaye ina jiran yabo. Ya sa ƙugiya ya bi gefen dasashi, sai na ga ta nutse a wuri ɗaya. Ya kama haƙorin da yatsu biyu ya motsa, sama ya tafi, saiwar ba ta bi shi ba. Ya ajiye ƙugiyar.

"Malam, ka ciji wani abu da shi?"

Alaramma ya ce, "Kwanakin da ya matsa mani, in na danna kanumfari a kai na cije da ƙarhi sai in ji ya lafa kaɗan. Da kanumfari ya ƙare na koma kan asawaki. Ran Laraba na ji ya yi ƙas."

Saiwar ta tsage a ƙarƙashin dasashi. Wannan ba ta da gyara, ko a Kano ko a ina. Dakta ya yi masa bayani a hankali, ya ba shi haƙuri. Alaramma ya ce, "Allah ya ƙaddara. Kun yi iyakar yinku." Ni na miƙa awartakin. Haƙorin ya fito a rabe biyu.

Da ya tafi Dakta ya tsaya yana wanke hannu ya daɗe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni na sallame shi ba takardar cizo. Kai kuma ran Talata ya kamata ka je." Ran Laraba ya tsage. Da na hau babur ran Talata, minti biyun nan da na yi ran Alhamis sun isa. Wannan lissafin na yi shi ya fi sau dubu, kullum amsa ɗaya yake ba ni, kuma kullum sai na ji kunya kamar yau abin ya faru.

Sarkin Aska ya gan ni a kasuwa bayan nan, ya ce, "Likita, ashe dai an zare. Da ka bar ni da na rage mashi kwana." Na ce haka ne, Baba. Me zan ce?

Mun yi masa haƙoran roba, amma sai bayan salla, don dole dasashi ya warke a kai awo Katsina. Sun yi masa kyau a fuska, yana sa su in za shi ɗaurin aure. Ya ce in ya ja aya mai tsawo suna motsi, hankalinsa yana rabuwa biyu, shi kuwa ba zai yi karatu da rabin hankali ba. Bai sake zama a wurin jan baƙi ba.

Ranar da aka buɗe tafsiri a shekarar na kasa zama a asibiti. Ba wanda ya gayyace ni, na dai hau babur bayan azahar na tafi Birchi, na raɓe a bayan jama'a kusa da takalma. Yayansa yana kan kujerar fassara. Kusa da shi, inda Alaramma ya saba zama, Malam Bishir ne da littafi a gaba, yana ta gyara zama. Alaramma yana sahun farko a kan buzunsa, rawani a kan baki, ba littafi a hannunsa don ba ya buƙata.

Malam Bishir yana da murya, ba laifi. Ya yi nisa, sai ya zo wurin da ayoyi biyu suka yi kama, ya tsallake daga wannan ya faɗa waccan. Kafin kowa ya ankara Alaramma ya janye rawani ya buɗe baki zai gyara masa. Kalmar farko ta fito, ta biyu sai iska. Na ji ta daga inda nake. Ya tsaya, ya mai da rawanin, ya daki buzu da tafin hannu sau biyu. Malam Bishir ya koma baya ya gyara, aka ci gaba, ba wanda ya waiwaya.

Na so in tashi in tafi, amma na zauna ina kallon Alaramma. Har aka shafa fatiha hannunsa yana nan a kan buzun, a buɗe, yana jira.